Ƙarfe ɗaya, kauri ɗaya, aiki daban: wa ya taɓa gani?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Na shimfiɗa filatinam siriri, nanomita kaɗan (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), a kan silikon, don hanzarta ƙonewar iskar CO, wato kabon monoksaid. Samfuri biyu ne daga inji ɗaya, kaurinsu ɗaya. Na gasa ɗaya, na bar ɗayan. Gasasshen ya yi sumul yana ƙyalli, amma aikinsa ya ragu sosai. Malamai, kun taɓa cin karo da haka?

Wata malama: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ai ƙyallin nan shi ne amsarka. Zafi ya ba ƙwayoyin atom damar jeruwa, matakala (inda wani layin atom ya ƙare a kan na ƙasansa) da gefuna suka ragu, fili ya ƙaru. To, atom ɗin da ke bakin matakala maƙwabtansa kaɗan ne, shi ya sa yake saurin riƙe iska ya tsinka ta. A 1999 masu bincike a Denmark sun yayyafa ɗan zinari a kan ƙarfen rutiniyam. Zinarin ya tafi ya zauna a bakin matakala, tsinkewar naitirojin ta faɗi kusan sau biliyan. Ni da na duba nawa samfurin da na'urar STM, mai nuna ƙwayoyin atom ɗaya-ɗaya, bayan gashi, matakalan sai da na neme su da ƙyar.

Mai aikin tagulla: Malama ta faɗi gaskiya, amma irin fuskar ma tana da magana, wato yadda atom suka jeru a saman ƙarfen, wanda ake wa laƙabi da lambobi kamar 100, 110 da 111. Da na shimfiɗa tagulla don juya iskar CO2 (kabon dayoksaid) zuwa wasu sinadarai, wadda ta fi yawan fuskar 100 ta ba ni iskar etilin mai yawa, ta 111 kuma ta karkata ga iskar mitan. Haka baƙin ƙarfe yake wajen haɗa amoniya: fuskar 111 ta ninka ta 110 sau ɗaruruwa, tun aikin masani Somorjai da abokan aikinsa na 1982 aka sani.

Mai kula da inji: Ku yi haƙuri in ɗan saka baki. Kafin a zargi matakala, a duba datti. Sau da dama ana kawo mini samfurin da aka ce ya mutu, in saka shi a XPS, na'urar da ke gano sinadaran da ke saman abu, sai ga kabon ya lulluɓe shi, wani lokaci har da sulfa. Wani kuma ya yi siririn da zafi ya tsarga shi, ya dunƙule tsibiri-tsibiri kamar ruwa a kan ganye. Daga nesa dai ƙyalli kake gani.

Malamar: Haka ne, Baba. Kai kuma ɗalibi, ka auna faɗin fuskar da ke aiki a kowane samfuri, ka raba saurin ƙonewar da shi. In bambancin ya ɓace, faɗi kawai ka rasa. In ya tsaya, tsarin ne ya canza.

Ɗalibi: Na gode ƙwarai. Baba, gobe zan kawo duka biyun a fara duba kabon ɗin.