Sanata uku-uku tsakanin Bauchi da Gombe

Mai shago a Wunti, cikin garin Bauchi: Jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A ƙidayar 2006 mutanen Bauchi sun haura miliyan 4, na Gombe miliyan 2 da ɗoriya. Amma a majalisar dattawa sanata uku gare mu, uku gare su. Tun da Abacha ya yanke ƙanwarmu daga jikinmu a 1996, ƙuri'ar ɗan Gombe ta kusa ninka tawa nauyi. Ina adalci a nan?

Ɗan Pantami, cikin garin Gombe: Ƙanwa? Ƙanwar wa? Buba Yero da ya kafa masarautar Gombe da Yakubu da ya kafa ta Bauchi duk daga hannun Shehu suka karɓi tuta. Malam, ka janye kalmar nan.

Mai shago a Wunti: Jiha nake nufi, ba masarauta ba. An kafa Bauchi a 1976. Shekara 20 ba wasa ba ce.

Ɗan Pantami: A shekarun nan 20 me kuka tsinana mana? Takarda ɗaya sai mahaifina ya hau mota har Bauchi a sa masa hannu, wani lokaci ya kwana a tasha.

Malama daga Yelwa: Ƙannena, ku dakata. Majalisa biyu ce. Ta wakilai kujera 360, a can ake duba yawan jama'a, shi ya sa Bauchi ke da 12, Gombe 6. Ta dattawa 109, kowace jiha uku, Abuja ɗaya. Amurkawa ma haka suka sasanta a 1787. Ba don wannan ba, Kano da Legas masu 24-24 sai su danne Bayelsa mai 5, mu ma su haɗa da mu.

Ɗan Pantami: Hajiya, ke ma ƙannena kika ce!

Ɗan Azare: Ku bar zancen Gombe, sun samu nasu. Mu mutanen Katagum da ke cikin jihar Bauchi fa? Shekara da shekaru muna neman jiha, kuna toshe kunne.

Mai shago a Wunti: Ai ba mu ke yanka jiha ba, ɗan'uwa.

Ɗan Azare: Amma kun iya zama a kai.

Mai kula da zaure: Na rufe sharhi, lokacin sallah ya yi. Abin da ya fito fili shi ne an taushe Bauchi a majalisar dattawa, babu wanda ya musanta alƙaluman Alhaji na Wunti. Maganar ƙanwa kuwa, 1976 ta riga 1996. Ɗan'uwanmu na Pantami ya yi haƙuri, na Azare ya kawo tasa wata rana.