Abin da aka shawarta kan gurɓacewar ruwan Hoosick Falls

Hoosick Falls ƙaramin gari ne a jihar New York ta Amurka. A 2014 aka gano sinadarin PFOA a rijiyoyin da ke shayar da garin, daga masana'antar roba. PFOA yana cikin dangin sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa, kuma sukan yi shekaru a jinin mutum.

Babbar shawara kan irin wannan gurɓacewa ita ce kada a dogara da tafasa ruwa. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma wannan sinadari yana nan daram a tukunya, sai ma ya ƙara ƙarfi idan ruwan ya ƙone. Matata mai gawayi na musamman tana rage shi, muddin ana sauya gawayin a kan kari.

Wanka da wanki ba su da haɗari sosai. Madarar jarirai kuwa, a dama ta da ruwan da aka tabbatar da tsabtarsa. Masu rijiya a gida su kai ruwansu gwaji, domin sinadarin ba ya sauya launi ko ɗanɗano.

A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade iyakar PFOA a ruwan sha a kashi 4 cikin tiriliyan.