Neman kalma: ɗan abin da ke ba yaƙutu launinsa

Mai Shirin Kimiyya: Assalamu alaikum. Gobe da safe za mu naɗi shiri kan duwatsu masu daraja, kalmar "impurity" ta tsaya mini a wuya. Dutsen korandam, wato alminiyam haɗe da oksijin, ba shi da launi in zallarsa ne. Sinadarin kuromiyam ya shige shi, ko da kashi 1 cikin 100, sai ya shanye hasken kore da na shunayya, ja ya fito, jan yaƙutu ke nan. In ƙarfe da taitaniyam ne, shuɗi ake samu. Me zan kira masu shigar nan?

Malamar Kimiyya: Datti muke cewa a aji, amma raina bai taɓa kwanciya da ita ba. Abin da ya ba dutse darajarsa ne za mu kira datti?

Tafinta: Algus fa?

Malamar Kimiyya: A'a Malam, algus da ha'inci yake tafe. Wannan a cikin ƙasa ya faru, babu hannun kowa.

Dattijon Zaure: Surki ita ce kalmar. Amma ni kuromiyam ɗin nan ne ke damuna. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa launi. Na daɗe ina cewa a kira shi launau.

Tafinta: Baba, ai ba shi kaɗai ke ba da launi ba. Naitirojin na mayar da daimon rawaya, boron na mayar da shi shuɗi. Su ma launau ne?

Dattijon Zaure: Kun raina harshenku ne kawai. Komai sai Bature ya raɗa masa suna kafin ku yarda da shi.

Malamar Kimiyya: Allah ya huci zuciyarka Baba, yaƙutu da zumurrudu ma daga Larabci muka aro su, sun kuma zauna daram. Ɗalibina Cr, alamar kuromiyam, zai gani a takardar jarrabawa. Surki kuwa zai sa mai sauraro ya zaci rini aka zuba. Kuromiyam ɗin da ya sa yaƙutu ja, shi ne ya sa zumurrudu kore, domin ƙwayoyin zarra da suka kewaye shi ne ke yanke irin hasken da zai shanye. Wurin zaman alminiyam yake karɓa a jikin dutsen. Ni "baƙon sinadari" nake gani.

Mai Shirin Kimiyya: Wannan ta shige ni, Malama! Har za ta kai ni ga dutsen aleksandarait, mai kore da rana, ja a hasken kyandir, alhali baƙon bai canza ba.

Dattijon Zaure: Kalma biyu inda ɗaya ta isa. To, ku je da ita. Amma ka faɗi launau ko sau ɗaya ne, mutane su ji.

Mai Shirin Kimiyya: Zan ambaci ma'anar sunan, Baba. Launau kam sai na ji ta bakin edita.