Ƙidayar itatuwan jami'a: manhajar waya ko tsohon mai lambu?

Ɗalibar Aji Huɗu: Assalamu alaikum. Aikin kammala digirina shi ne in ƙidaya itatuwan harabar jami'armu, kowanne da sunansa na Hausa da na kimiyya. Saura mini sati shida, kuɗin hannuna naira 25,000. Maɗaci da tsamiya da ɗorawa na gane su, amma gamji da ceɗiya da durumi sun ruɗa ni. In dogara da PlantNet, manhajar waya mai gane tsirrai daga hoto, ko in biya tsohon mai lambun makaranta ya zaga da ni?

Ɗan Funtuwa: Wa alaikumus salam. Ki fara yin allunan sunayen itatuwan tun yanzu. Ni 1,500 aka yi mini kowanne.

Baban Yara: Wace shekara ke nan? Bara 4,000 na biya, na kwano, ruwan sama ɗaya fentin ya wanke.

Tsohon Ɗalibi: Ƙanwata, ni abin ya faru a kaina. Wata uku ina yawo da waya a wata jami'a, ganye kawai nake ɗauka. Duk dangin ɓaure manhajar ta haɗa mini su a suna ɗaya. Ranar kare aiki malamin da aka gayyato ya ɗaga takardata ya ce ina lambar samfurin da na ajiye a ɗakin adana tsirrai? Ba ni da ko ɗaya. Sai da na ƙara zango. Na koma ina yanko reshe mai ganye da 'ya'ya, ina dannewa a tsohuwar jarida tsakanin katako biyu, kullum in canza takarda don kada ya yi fumfuna. Mahaifina ya rasu a cikin wannan zangon, bai ga sakamakona ba. Har yau in na wuce gindin ceɗiya sai abin ya dawo mini.

Maman Biyu: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Malamin Gandu: Amin. Mai lambu zai ba ki sunan Hausa daidai, amma na kimiyya sai an gwada da samfuri. Ɗakin adana tsirrai na ABU Zariya ya shahara da wannan, akwai kuma na FRIN, cibiyar binciken gandun daji ta Najeriya, a Ibadan. Gamji shi ne Ficus platyphylla, faɗin ganyensa kaɗai ya isa shaida. Ceɗiya Ficus thonningii ce, ganyenta ƙanana. Kaurin itace kuma a tsayin mita 1.3 ake auna shi.

Ɗan Funtuwa: Malam, da girmanka, kakata ba ta shiga aji ba, amma ɓawo kawai za ta shinshina ta faɗa maka itacen.

Malamin Gandu: Ban raina ta ba, ɗana. Dalziel ma, Baturen da ya fitar da ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916 bakin irinsu ya bi. Matsalar ita ce Azadirachta indica ɗaya ce, Bakano ya ce darbejiya, wani ya ce dogon yaro, wani maina.

Bakatsine: Bedi sunanta, sauran duk laƙabi ne. Kuma a bar ni da ƙidayar mangwaro, kyauta zan yi.

Maman Biyu: In da damina za ki zaga, kada ki rubuta gawo a matacce. Lokacin yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore.

Baban Yara: Ni abin da ke ƙona mini rai masu sassaƙe maɗaci. A makarantarmu ta da, layi guda an zagaye musu ɓawo saboda maganin ciki, shida sun bushe a tsaye. Ka ɗan ɓantari gefe ɗaya mana!

Tsohon Ɗalibi: Gara su. Ɗorawar da muke karatu a gindinta dare ɗaya aka sare ta, wai za a yi wurin ajiye motoci.

Ɗalibar Aji Huɗu: Na gode ƙwarai. To mai lambun fa, nawa ya dace in ba shi?

Baban Yara: An yi wurin motocin kuwa?

Tsohon Ɗalibi: Kututturen na nan har yanzu.