Aikin bincike na shekara biyu a Jamus: in tafi da iyali tun farko ko in fara yin gaba?

Malamin Sinadarai, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamaina da sauran 'yan'uwa, da fatan kowa yana lafiya.

Ni ƙaramin malami ne a sashen ilimin sinadarai na ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke nan Kaduna, kuma bana shekara biyu ke nan da na kammala digiri na uku. A watan jiya Allah ya nufa na sami gurbin aikin bincike na wata 24 a wata jami'a da ke jihar Bavariya, a kudancin Jamus, a kan hanyoyin tace ruwan sha, kuma takardar ta ce in fara ranar 1 ga Oktoba. Iyakar fitata waje ita ce Umrar da na yi sau ɗaya, ita ma wakilin tafiya ne ya yi komai, nawa kawai miƙa fasfo da karɓar fasfo.

Aikin kansa bai dame ni ba, na san inda zan kama shi. Maganar iyali ce ta tsaya mini a rai. Mai ɗakina malamar firamare ce, muna da 'ya'ya biyu, babbar shekararta shida, ƙaramin bai cika biyu ba. Mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu, ta ce in tafi ni kaɗai in ga kamun ludayin wurin tukuna, surukina kuma ya ce bai ga abin da zai sa magidanci ya bar iyalinsa shekara biyu ba alhali yana da halin tafiya da su. Ina roƙon waɗanda suka taɓa irin wannan zama su gaya mini yadda watannin farko suke, da yadda ake yi da tafiye-tafiyen taron masana, domin shugaban binciken ya riga ya ambata mini taro biyu a baɗi, ɗaya a Faransa, ɗaya a Ingila. Na gode.

Ɗan Tudun Wada, daga Bavariya

Wa alaikumus salam. Dakta, barka da arziki, Allah ya sanya albarka. Ni ma ta wannan hanya na biyo a 2022, kuma shawarata ita ce ka bi maganar Hajiya, ka yi gaba kai kaɗai na wata uku ko huɗu. Dalilina gida ne.

A Jamus komai a kan adireshi yake rataye. Doka ta ba mutum kwana 14 daga ranar da ya tare ya je ofishin gari ya yi rajistar inda yake zaune, abin da suke kira Anmeldung, kuma ba za a yi maka ita ba sai da takardar da mai gidan ya sa wa hannu. Sai an yi rajistar ake aiko maka da lambar haraji ta gidan waya, da takardar rajistar ne kuma bankuna da yawa suke buɗe asusu, shi albashin kuwa sai ranar ƙarshe ta wata yake shiga. Ka ga ke nan watan Oktoba gaba ɗaya da guzurinka za ka ci, kuma a cikinsa ne mai gida zai nemi kuɗin ajiya, wanda doka ta yarda ya kai hayar wata uku. Ga shi Oktoba ne farkon zangon karatu, lokacin da ɗalibai ke tururuwar neman ɗaki a duk garin da ke da jami'a. Sai da na duba gida goma sha ɗaya kafin na dace, kuma wanda na samu ɗin ɗakin girkinsa wayam yake, babu murhu, babu wurin wanke-wanke, sai bututun ruwa biyu da ke leƙowa daga bango, domin a nan wanda ya tashi yakan kwance kayan girkinsa ya tafi da su. Namiji shi kaɗai zai iya yin mako uku a kan katifa da tukunyar lantarki ɗaya, amma ban ga yadda za a yi haka da yaron goye ba. Tun yau ka rubuta wa ofishin baƙin masu bincike na jami'ar ka nemi ɗaki a masaukinsu, ka kuma tambaya ko ana iya yin rajista da adireshin masaukin.

Ka kula da ranar da za ka sauka. Ni na iso garinmu ranar Asabar 1 ga Oktoba da dare, ban san cewa shaguna a Bavariya ƙarfe takwas suke rufewa ba, ban san ba a buɗe su ranar Lahadi ba, Litinin ɗin kuma ta kama 3 ga Oktoba, ranar hutun haɗewar Jamus. Kwana biyu na yi da dabino da garin kwakin da ƙanwata ta cusa mini a jaka ina cewa ba na so, kafin wani ɗalibi ɗan Pakistan ya nuna mini cewa kantin tashar jirgin ƙasa yana buɗe.

Sanyi ana maganinsa da riga mai kauri, kuma ka bari sai ka zo ka saya, domin ta gwanjon da ke hannunka ba lallai ta riƙe ba. Duhu ne ya fi ba ni wahala. A Disamba ana kiran Azahar da sha biyu da 'yan mintoci, La'asar wajen biyu, Magariba kafin huɗu da rabi, wato salla uku duk a cikin lokacin aiki, ka fita da duhu ka dawo da duhu. Tun makon farko na gaya wa shugabata cewa ina fita Juma'a na awa ɗaya da rabi, ta rubuta a jadawalin sashe, magana ta ƙare. Nama kuwa shagunan Turkawa ne madogararmu, simo yana tuƙuwa kamar a gida, manja da doya ana samu a shagunan 'yan Afirka. Ka zo da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, amma kada ka ɗauko kilishi ko dambun nama ko man shanu, domin an hana shigo da nama da kayan madara ƙasashen Tarayyar Turai a jakar matafiyi.

Uwar Biyu, Barnawa

Dakta, ina taya ka murna. Duk abin da ɗan'uwanmu na Tudun Wada ya faɗa game da gida gaskiya ne, amma ina da ja a kan kalmar "wata uku ko huɗu", domin na ga mutanen da wata ukunsu ya koma shekara guda.

Ni a Ingila na yi nawa aikin, ƙanwata kuma tana Hambog da mijinta, saboda haka na ga ɓangarorin biyu. Bizar bin miji ba ta tafiya da saurin bizar ma'aikaci. Takardun aure da na haihuwa da suka fito daga Nijeriya, ofishin jakadancin Jamus yakan sa a bincika sahihancinsu, binciken kuma yana cin watanni. Da yawanmu a masallaci ko a ƙofar gida aka ɗaura mana aure, shaidu sun cika layi amma babu takarda ko ɗaya. Ka duba yau ɗin nan: kuna da takardar aure? Yaran suna da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko kuwa katin asibiti kawai? Sunanka iri ɗaya aka rubuta a fasfo da lambar ɗan ƙasa da takardar digiri, ko a nan Muhammad ne a can Mohammed? Irin wannan bambancin harafi ya ci wa ƙanwata wata biyu. Shawarata ita ce ku shigar da takardunku tare, ko da kai za ka riga su hawa jirgi.

Ta fuskar kuɗi, ka yi sa'ar ƙasa. A Ingila kowane babba yana biyan fam 1,035 a shekara na kula da lafiya tun daga Fabrairun 2024, yaro kuma fam 776, kuma dunƙule ake biya tun wajen neman biza. A Jamus inshorar lafiya ta gwamnati da ake cira daga albashinka tana ɗaukar matar da ba ta aiki da yara ba tare da ƙarin kuɗi ba, makarantar gwamnati kuma kyauta ce. 'Yarka mai shekara shida ta kai shekarun da makaranta ta zama tilas a can, kuma a wannan shekarun harshe yake shiga kan yaro kamar ruwa a rairayi. Kowane wata da ta ƙara a nan, raguwa yake daga cikin 24 ɗin.

Sai dai akwai wadda ba ka gaya mana ra'ayinta ba. Ka kawo maganar Hajiya, ka kawo ta surukinka, ita malamar me ta ce? Ita ce za ta ajiye aikinta, ita ce za ta wuni a ɗaki da ƙaramin yaro a garin da maƙwabci ba ya leƙowa ya ce ina kwana, babu biki, babu suna, babu mai kama mata yaro ta shiga wanka, kuma gurbi a gidan renon yara yana da wuyar samu. Kai kana da ɗakin gwaji da abokan aiki. Idan za ta je, ta fara koyon Jamusanci tun daga nan, ta kuma nemi hutu a rubuce daga wurin aikinta maimakon ta ajiye shi. Sannan a zauna da 'yan'uwanka a san wanda zai dawo gidan ya zauna da Hajiya.

Tsohon Malami, Malali

Ɗana, Allah ya sa a je a sa'a. Yayyenka sun yi maka bayanin can, ni zan yi maka na nan.

Kada ka hau jirgi da izinin baka. Ka rubuta takardar neman hutu ta hannun shugaban sashe, ka bi ta har ta fito da sa hannun hukumar makaranta, a ciki kuma a bayyana ko hutun da albashi ne ko babu, da ranar da ake sa ran dawowarka. Idan makarantar ce ko TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, suka ɗauki nauyin digirinka na uku, ka ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu ka ƙirga shekarun hidimar da suka rage a kanka. Na zauna a kwamitin da ya duba batun wani yaro mai hazaƙa da ya tafi da "je ka, za mu gyara" na shugaban sashensa. Kafin ya dawo an canza shugaban, sabon kuma ya ce shi fayil ya sani. Ɗaliban da kake duba wa aiki ka miƙa su ga wani malami a rubuce, kada ka bar su suna bin ka ta WhatsApp.

Wata 24 ba su da yawan da kake zato. Ukun farko na sabo ne da takardu, shidan ƙarshe kuwa hankalinka zai koma kan abin da ke gaba, ko neman wani gurbin ko shirin dawowa, domin irin wannan aiki a Jamus kusan duk na ƙayyadadden wa'adi ne. Ka sa sunan makarantarka ta gida tare da ta can a kan duk maƙalar da za ka buga, saboda ranar neman ƙarin girma. Ka kuma koyi aikin da za ka iya ci gaba da shi a nan. Injin da kuɗinsa ya fi kasafin sashenku na shekara biyar ba zai biyo ka Kaduna ba, amma mutanen da za ka riƙa aika wa samfur su gwada maka za su iya zama naka har ka tsufa.

Ɗan Tudun Wada, daga Bavariya

Na karɓi gyaran Hajiya ta Barnawa, a shigar da takardun tare. Na ga kuma ban taɓa maganar tafiye-tafiye ba.

Taron Faransa ba shi da matsala. Da izinin zamanka na Jamus kana iya shiga sauran ƙasashen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, har kwana 90 a cikin kowane 180, sai dai ka riƙe fasfo da katin izinin duk biyun. Ingila ba ta cikin yankin, saboda haka biza daban za ka nema da koren fasfonka, kuma a nan ne za ka ga bambancinka da abokan aikinka Turawa, waɗanda kan yanke shawarar zuwa taro saura mako biyu. Ka gaya wa shugabanka tun da wuri cewa kai kana buƙatar wata uku da takardar gayyata, domin da yawansu ba mugunta ba ce, ba su taɓa cike takardar biza ba ne a rayuwarsu. Kuɗin tafiya kuma yawanci kai za ka fara biya, sai ka dawo ka cike takarda a mayar maka bayan makonni, don haka ka adana kowane rasit, har na motar cikin gari.

A cikin ƙasa akwai tikitin wata-wata da aka fito da shi a Mayun 2023 a kan yuro 49, ya koma 58 a Janairun 2025, wanda ke hawa da kai bas da taragon gari da jiragen ƙasa na yanki a duk faɗin Jamus, ban da masu saurin nan na dogon zango. Zuwa gida kuwa, daga Farankfot zuwa Abuja kimanin awa shida ne, sai ka kama jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, amma tikitin Disamba tsada gare shi, gara ka zo a Fabrairu ko Maris lokacin hutun zango. Agogonmu da na Kaduna ɗaya ne daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin muna gaba da awa ɗaya, saboda haka gaida Hajiya bayan Isha'i ba zai gagare ka ba.

Malamin Sinadarai, Unguwar Rimi

Allah ya saka muku da alheri, Farfesa Allah ya ƙara girma. Na karanta wa mai ɗakina amsar Hajiya ta Barnawa, ta yi dariya ta ce ashe sai da baƙuwa ta tuna mini. Tana so ta je, amma sai ta kai ɗalibanta ƙarshen zangon farko a Disamba. Na binciki akwatin takardu na tarar ƙaramin yaron katin asibiti kawai gare shi, a takardar aurenmu kuma an rubuta sunan mahaifina da harafi ɗaya fiye da na fasfo, don haka Litinin zan fara da ofishin Hukumar Ƙidaya kafin in wuce wurin shugaban sashe. Na kuma canza ranar tashi zuwa Talata. Saura tambaya ɗaya ga ɗan'uwana na Tudun Wada: ita daddawar, yaya ka ƙunshe ta har ba ta kama sauran kayan jakar ba?