Ruwan lagireton motata ya koma ja kamar na kududdufi, a wanke ko a canza?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin mota ku ba ni shawara. Ina da Corolla 2005, hannu na saye ta wajen wani abokin aikina shekara biyu ke nan, kuma maganar gaskiya tunda na saye ta ban taɓa zuba mata kulan ba, wato ruwan nan mai kala da ake sayarwa don lagireto, ruwan rijiyar gidanmu nake ɗura mata, in kuma a hanya ne in sayi piya wata guda uku in zazzage. To ranar Talata na shiga gosulo a titin Katsina wajen Kurna da rana tsaka ga esi a kunne, ina duba allurar zafin injin sai na ga ta wuce rabi tana neman taɓa ja, na gangara gefe na kashe na zauna gindin wata darbejiya kusan awa guda. Da na buɗe lagireto ruwan ya yi ƙasa sosai, wanda ya rage kuma jawur, jikin murfin duk wata laka mai kauri kamar kunun kanwa. Bakanikena ya ce a zuba Omo a wanke a kuma yi wa fanka dairek, wato ta riƙa juyi ba tsayawa muddin mota na kunne, shi ke nan, wani kuma ya ce wankin ɓata kuɗi ne, gara in canza lagireton gaba ɗaya. Sati mai zuwa zan kai iyali Katsina biki, ba na so ta ajiye ni a Tsanyawa da yara. Me ya kamata in yi?

Bakanike daga Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam kafin a yi maganar wanki sai an san ina ruwan ya tafi, domin ruwa ba ya ɓata haka kawai. Gobe da safe kafin ka tayar da ita ka zaro sandar baƙin mai ka duba, ka kuma buɗe murfin da ake zuba man ka juya shi. In ka ga abu kamar shayi da madara to gasket ɗin kan injin, wanda ke hana ruwa da mai haɗuwa, ya ƙone, wanki ba zai yi maka komai ba. Sannan ka cika lagireto ka tayar murfi a buɗe, in kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan injin ya yi zafi, shi ma gasket ne. Ka leƙa ƙarƙashin motar inda ta kwana ko akwai ɗigo.

Mai tambaya:
Na duba oga. Mai lafiya lau yake, baƙi kamar yadda aka saba, ba kumfa ba hayaƙi. Ƙasa ma ba jiƙe ba, amma akwai wani farin busasshen abu kamar gishiri a bakin hos ɗin sama inda aka ɗaure shi.

Bakanike daga Ƙofar Ruwa:
Alhamdulillah, ka tsallake babbar. Wannan farin shi ne sawun ɓarawon, ta nan yake tsiyaya in mota ta yi zafi ya bushe kafin ya kai ƙasa. Ka matsa hos ɗin da hannu, in ya yi laushi kamar biredi ko ya kumbura ka canza. Omo kuwa ka rabu da shi, kumfa zai cika maka injin ka wuni kana ɗauraya ba ta ƙare ba, kuma ba ya cin tsatsa.

Tsohon direban Kano zuwa Legas:
Yaro ni shekara talatin na yi a kan titi, 504 na ja, J5 na ja, ban taɓa sayen wani ruwa mai kala ba. Kulan na ƙasar sanyi ne don kada ruwa ya daskare, mu ina muka ga ƙanƙara a nan? Ka wanke ka zuba ruwa mai kyau, in akwai tamostat ka sa a cire a jefar, a haɗa fanka dairek ka kama hanyarka.

Malamin kwalejin fasaha:
Baba Allah ya ƙara girma, ba musu nake da kai ba amma motocin da ka ja daban wannan daban. Lagireton da na tagulla ne da ake yi wa walda a bakin titi, na Corolla ɗin nan alminiyam ne da roba sama da ƙasa, injin ma alminiyam ne, ramukan da ruwa ke bi siraran gaske. Ruwan rijiya da na burtsatse akwai gishirin ƙasa a ciki, ku duba cikin butar shayin da ta daɗe a gida ku ga farin abin da ke mannewa, to shi ne ke taruwa a ramukan nan. Kulan kuma ba maganin daskarewa kaɗai ba ne, akwai sinadarin hana tsatsa a ciki, kuma yana ɗaga mizanin tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, in an haɗa rabi da rabi da kulan sai wajen 107, murfin lagireto mai kyau kuma ya matse shi har ya wuce 120 bai tafasa ba. A garin da zafi ke haura 40 a watan Afrilu wannan ratar ba ƙaramar aba ba ce.
Tamostat ɗin motar nan, wato abin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai injin ya yi zafi, yana buɗewa ne a wajen digiri 82. In ka cire shi injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi sai ta yi ta ƙara fetur, da tsadar man nan kuwa ba na jin akwai mai son haka. Fanka dairek kuma ɓoye ciwo ne kawai, ta yi ta juyi har ɗan injin da ke juya ta ya ƙone wata rana a cikin gosulo.

Tsohon direban Kano zuwa Legas:
To malam boko ya yi magana. Ni dai abin da na sani in tamostat ya maƙale a dajin Birnin Gwari ba littafi ne zai fitar da kai ba.

Malamin kwalejin fasaha:
Wannan gaskiya ne Baba, yana maƙalewa, kuma tsatsar ruwan rijiya na cikin abin da ke maƙalar da shi. A hanya a cire don a isa gida ba laifi, amma in an isa a sa sabo. Gwada shi ma ba wuya, ka jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa za ka ga ya buɗe baki, in bai buɗe ba ya mutu.

Hajiya mai Sienna:
Ni dai abu ɗaya zan roƙe ka ɗan uwa, kada ka kuskura ka buɗe murfin nan da zafi. Ƙanena ya yi haka a hanyar Zariya, ya sa tsumma wai zai sassauta a hankali, ruwan ya yi tsiri ya wanke masa hannu har gwiwar hannu, sai da ya yi sati uku ana wankin ƙuna, har yau tabon na nan fari. Kuma kar ka sheƙa ruwan sanyi cikin injin da ya yi zafi, kan injin na iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Bakanike daga Ƙofar Ruwa:
Hajiya ta faɗi gaskiya. To ga yadda za ka yi, ko ka tsaya a kan yaron da zai yi maka domin in ka ba da baya hos zai zura ya watsa ruwa minti biyar ya ce an gama.
Da safe mota a sanyaye. A ƙasan lagireto ta ɓangaren injin akwai ɗan makunnin roba mai kunne biyu, da hannu ake murɗa shi, kar a sa filaya don yana karyewa. Ka tara roba ka buɗe murfin sama ruwan ya zube. Ka rufe ka cika da ruwa mai tsabta, ka zuba maganin wankin lagireto na kwalba da ake sayarwa a shagon kayan mota, ka murɗa hita zuwa zafi ka tayar ka bar ta kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar, yawanci minti goma zuwa sha biyar ne bayan ta yi zafi. Ka kashe ka jira ta huce sosai, wannan jiran shi ne mutane ba sa iyawa, sannan ka zubar. Ka sake cikawa da ruwa zalla ka tayar ka jira ka zubar, haka za ka yi ta yi har ruwan ya fito garau, irin naka ɗin nan zai iya kai sau huɗu ko biyar, aikin yini ne. Robar ajiyar ruwan da ke gefe ita ma ka ciro ta ka wanke da burushi don can laka ke kwanciya. Kuma ko da wasa kar wani ya zuba maka soda ko ruwan asid, suna cinye alminiyam.
In bayan duk wannan ka shafa jikin lagireton mota a kashe ka ji wani wuri zafi wani wuri sanyi, to ramuka sun toshe, sai dai a kai wa masu lagireto su buɗe su tsefe ko ka sayi wani.

Malamin kwalejin fasaha:
In ƙara a kan na oga, ɗaurayar ƙarshe a yi ta da ruwan batir, wato tataccen ruwan nan na jarka da ba asid a ciki, ko ruwan da ke ɗigowa daga esin ɗaki in ka tace shi. Sannan ka lura motar nan tana cin wajen lita shida da rabi ne gaba ɗaya, kuma in ka buɗe makunnin ƙasa ba duka ke fita ba, sauran na maƙale a cikin injin da hita. Shi ya sa in kulan ɗinka mai kauri ne wanda ake sirkawa, ka fara zuba lita uku da 'yan kai nasa tukuna sannan ka cike da ruwan batir, sai lissafin rabi da rabi ya fito. In kuma wanda aka riga aka sirka ne kamar mai kalar ruwan hodar nan na Toyota, ba a ƙara masa ruwa, sai a kwance hos ɗin ƙasa da makunnin jikin injin a tsiyaye ruwan sosai kafin a zuba. Kar ka gauraya kore da ja don kawai ka samu ragowa a but ɗin wani.

Mai Golf:
Ku dai yi hattara da kulan ɗin kasuwa, wlh na taɓa sayen wata jarka mai araha wata uku ruwan ya koma tsatsa, ashe ruwa ne da kala kawai. Na gaske in ka murza shi a yatsa za ka ji santsi kaɗan.

Hajiya mai Sienna:
Kuma tsohon kulan kar a zubar a tsakar gida ko kwata, zaƙi ne da shi amma guba ne, akuya ko mage in ta lasa sai ta mutu balle yaro. A jarka ake zubawa a rufe, kar kuma a sa a robar lemo.

Bakanike daga Ƙofar Ruwa:
Sauran fitar da iska, nan ake faɗuwa. Ka ajiye motar gabanta ya ɗan hau tudu, ka zuba a hankali har ya cika, murfi a buɗe ka tayar, ka riƙa matsa hos ɗin sama kana saki za ka ga kumfa na fita ruwa na sauka kana ƙarawa. Ka jira har hos ɗin ya yi zafi fanka ta tashi da kanta ta tsaya sau biyu, sannan ka rufe. Robar gefe a tsakanin layin ƙasa da na sama, kar ka cika ta fal. Washegari da safe ka sake dubawa don zai ɗan sauka. Murfin ma ka canza shi, ka duba lambar da ke jikin tsohon, 0.9 ne ko 1.1, ka sayi irinsa.

Mai tambaya:
'Yan uwa na dawo da bayani, Allah ya saka da alheri. Jiya Asabar muka yi aikin tun ƙarfe bakwai har bayan la'asar, sau biyar muka zubar kafin ruwan ya yi haske, na farkon kamar an dama jar ƙasa. Da aka kwance gidan tamostat ashe babu komai a ciki, mai motar na da ya riga ya cire, Baba ka ga mutanenka sun riga ni. Na sa sabo, na canza hos ɗin sama da murfi, robar murfin ta tsattsage ashe. An kuma gano ɗaya daga cikin rilen da ke ba fanka wuta ya mutu shi ya sa ba ta tashi yadda ya kamata a gosulo. Yau na je Bichi na dawo da esi a kunne allura na ƙasa da rabi kaɗan ba ta motsa ba. Sai dai da safen nan na ga robar gefe ta sauka kamar yatsa biyu, in damu?

Bakanike daga Ƙofar Ruwa:
A'a, ragowar iska ce ta fita. Ka cike zuwa layi ka sa alama da biro a jikin robar, ka duba kwana uku a jere da safe. In ta tsaya a kan alamar ka ɗauki iyali ku tafi, in ta ci gaba da sauka ka sa a leƙa ƙarƙashin watafamfo, famfon da ke zagaya da ruwa a injin, kafin Katsinar nan, ruwan rijiya na shekara biyu ba ya barin sa lafiya.

Tsohon direban Kano zuwa Legas:
Ka dai saka jarkar ruwa a but ko da kulan ɗin naku. Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen Katsina.