Ƙwaron da ke harbi da tafasasshen ruwa: ta yaya bai ƙona kansa?

Ɗalibin Noma:
Assalamu alaikum, malamai. Ina neman bayani kan ƙwaron nan na ƙasa, Brachinus crepitans, wanda aka ce in an taɓa shi sai ya yi ƙara "tas" ya fesa ruwa mai zafi daga bayansa. Ta yaya ake gane shi, ina yake ajiye ruwan, kuma me ke hana ruwan dafa masa ciki? Ana iya kiwonsa a kwalba don nazari?

Malam Mai Ƙwari:
Wa alaikumus salam. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa milimita 7 zuwa 10. Kai da ƙirji da ƙafafu ja ne kamar tsatsa, fukafukan sama masu tauri kuma shuɗi-shuɗi ne mai ɗaukar ido. Linnaeus, masanin halittu na Sweden, ne ya raɗa masa suna a 1758. Gidansa Turai da Arewacin Afirka da yammacin Asiya, a busassun filaye masu farar ƙasa da gefen gonaki. Da rana yana ƙarƙashin dutse, sau da yawa a taru da yawa wuri guda, da dare yake fita kiwo.

Abin da za ka duba da madubin ƙara girma: zaren ji biyu da ke kansa, kowanne gaɓa 11. A ƙafar gaba akwai wani ɗan tsagi mai gashi wanda yake jan zaren ta ciki don sharewa, alamar danginsa na Carabidae ke nan, masu nau'i kusan 40,000. Sai babbar alama: fukafukansa kamar an datse su da almakashi, ba su rufe ƙarshen ciki ba. Juya shi rigingine ka ƙirga gaɓoɓin ciki, mace 7, namiji 8, alhali yawancin danginsa 6 ne. Wannan tsirarar ƙarshen cikin ita ke ba shi damar lanƙwasa shi ya saita bakin bindigar.

Sinadaran biyu ne, haidirokwinon da haidirojin ferokzaid, kowanne da jakarsa, sai lokacin harbi suke haɗuwa.

Malama Kimiyya:
Malam, a yi haƙuri, akwai gyara a layinka na ƙarshe, kuma kuskure ne da ya yaɗu ƙwarai. Jaka biyu ne, gaskiya, amma ɗaya dama ɗaya hagu, kuma kowacce tana ɗauke da sinadaran biyu a gauraye. Hermann Schildknecht na Jamus ya auna su tun 1961: ferokzaid kusan kashi 25 cikin ɗari, haidirokwinon kusan kashi 10. A haka suna zaune lafiya, don babu abin da zai tunzura su.

Ga yadda ginin yake. Kowace jaka mai laushi ce, tsoka ta kewaye ta. A bakinta akwai ƙofa mai buɗewa gefe guda, ƙofar ta shiga wani ƙaramin ɗaki mai kaurin bango. A ɗakin ne enzayim biyu suke, wato sinadaran jiki masu tunzura wasu sinadarai su sauya, katales da ferokzides. Tururuwa na cizon ƙafarsa sai tsoka ta matse jakar, ɗigo ya shiga ɗakin. Nan take ferokzaid ya rabe zuwa ruwa da iskar oksijin, haidirokwinon ya koma benzokwinon mai yaji da wari. Zafin da ke fitowa yana kai ruwan digiri 100, wato zafin tafasa, kamar yadda masu bincike Aneshansley da Eisner na Amurka suka auna a 1969, kusan kashi ɗaya bisa biyar na ruwan ya zama tururi.

Amsar tambayarka tana nan: matsin fashewar da kansa ne ke rufe ƙofar, ruwan ba shi da mafita sai waje. Matsin na sauka ƙofar ta sake buɗewa, wani ɗigon ya shiga. Saboda haka abin da kunne ke ji "tas" guda ɗaya, fashewa ce da yawa a jere. A ɗan'uwansa na gabashin Afirka, Stenaptinus insignis, an ƙirga kusan 500 a daƙiƙa. Ɗigo kaɗan a lokaci guda, da ɗan hutu a tsakani, shi ke kare bangon da enzayim ɗin daga dahuwa. A 2015 masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka sun ɗauki hoton wannan da hasken eksire a cikin rayayyen ƙwaro.

Abin yana aiki har bayan haɗiya. A Japan, a 2018, masu bincike Sugiura da Sato sun ba kwaɗi wani ɗan'uwansa mai irin wannan harbi, Pheropsophus jessoensis. Kashi 43 cikin ɗari na kwaɗin sun amayar da shi, tsakanin minti 12 zuwa 107, kuma ƙwarin sun fito da rai.

Malam Mai Ƙwari:
Na karɓi gyara, Malama, Allah ya ƙara sani.

Ɗan Fadama:
Batun kiwo, ɗan'uwa, ajiye ƙwaron da ya gama girma abu ne mai sauƙi: roba mai murfi da ƙananan huji, ƙasa mai danshi zurfin yatsa biyu, ɓallin tukwane ya ɓuya, da guntun tsutsa ko matattun ƙwari duk bayan kwana biyu. Kwashe ragowar abinci kafin ya yi funfuna. Bushewar ƙasa ita ta fi kashe su.

Haihuwa ce ke gagara. Tsutsarsa ba ta cin abin da ka ba ta. Tana ƙyanƙyashewa da dogayen ƙafafu ta shiga ƙasa neman ƙwaron Amara, wani ƙwaron ƙasa na danginsu, a lokacin da yake kwance yana rikiɗa daga tsutsa zuwa babba, ta manne masa ta cinye shi. In ba ta samu ba, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Saska da Honek na ƙasar Cek ne suka tabbatar da hakan a 2004.

A ƙasashenmu, dangin Pheropsophus za ka nema, baƙi da ɗigon ruwan ɗorawa, sun fi wancan girma, suna son bakin ruwa. Tsutsar waɗanda aka yi nazari a kansu ƙwan gyaren nan mai haƙa rami take ci. Binne kofi a fadama har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, ka ɗora faffaɗan dutse a ɗan ɗage ya kare ruwan sama, ka duba da asuba kafin tururuwa su riga ka.

Kada ka kama da yatsa kusa da fuska. A fata tabo ne ruwan ƙasa mai ɗaukar kwanaki, a ido kuwa raɗaɗi ne sosai, sai a wanke da ruwa mai yawa nan take. In kana son ganin inda yake saitawa, ɗora shi kan farar takarda ka ɗan tsunguli ƙafa ɗaya da hantsaki, tabon zai nufi ƙafar da ka taɓa. Kada ka yawaita, jakar na ƙarewa kuma tana ɗaukar lokaci kafin ta sake cika.